Gayyar Shinge Bayan Gobarar Daji a Ostareliya

A ƙasar Ostareliya watan Fabrairu lokacin tsananin zafi ne, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙayau. Ran 7 ga Fabrairu, 2009, wutar daji ta tashi a wurare da dama cikin Jihar Biktoriya, iska mai ƙarfi tana kora ta. Mutum 173 suka rasu, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone ƙurmus. Waɗanda suka fita da rigar wuyansu kaɗai, dangi da maƙwabta suka ba su masauki da abinci da tufa. Manoman da wuta ba ta kai gare su ba kuwa suka riƙa aiko da busasshiyar ciyawa cikin manyan motoci domin dabbobi.

To, amma akwai wata ɓarna wadda baƙo ba zai lura da ita ba, watau ɓarnar shinge. A can makiyayi ba ya bin dabbobinsa da sanda. Sakinsu ake yi cikin manyan filaye da aka kewaye da waya, can suke ci, can suke kwana. In wuta ta cinye ginshiƙan itace, sai waya ta zube. Tumakin da suka tsira sai su bazu, waɗansu su hau hanyar mota, waɗansu su cuɗu da na maƙwabci, waɗansu kuma su cinye sabon toho tun bai yi ƙarfi ba. Ko an kawo ciyawa kyauta, ina za a tsare su a ba su? Mutumin da ya rasa gida, in garkensa ma ya watse, ba shi da abin da zai sayar ya sake gini.

Kevin Butler da matarsa Rhonda, manoma ne a Kilmore East, suna da tumaki wajen 1,500, shingensu kuwa ya ƙone. Suka nemi gudunmawa, 'yan'uwa da abokai da mutanen gari suka amsa. Aikin da zai ɗauke su watanni, cikin mako guda aka gama shi. Da suka ga haka, sai su ma suka juya wajen shingen maƙwabta. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar da a ke kira BlazeAid.

Ga yadda aikinta ya ke. Akan kafa zango kusa da inda wuta ta ci, masu aikin sa kai su sauka nan, a ciyar da su, ba a biyansu ko kwabo. Da sassafe a raba su ƙungiya ƙungiya zuwa gonaki. Su fara naɗe ƙonanniyar waya, su tumɓuke guntayen ginshiƙai, sa'an nan a kafa sababbi a ja waya, mai gona yana tare da su yana nuna iyakarsa. Zango ɗaya yakan yi watanni kafin a tashe shi. Daga baya har wuraren da ambaliyar ruwa ta kwashe shinge akan kira su, su je.