Karatun Tsara Gari: Me Ake Nema, Me Yaro Zai Fito da Shi?

Wannan taƙaitawar hirar da muka yi ce a shirinmu na daren Talata daga nan Choggu, don waɗanda ba su samu ji ba saboda suna daji ko suna kan hanya.

Abin da ya jawo maganar, wani dattijo ne mai kiwo daga wajen Savelugu ya bugo waya. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, ya nace sai ya karanta tsara gari a jami'a. Ya ce: "'Yata, ni ban san wannan karatu ba. Likita na sani, lauya na sani. In sayar da bijimai biyu a kan abin da ban san amfaninsa ba?" Na ce masa: "Baba, hanyar da kake bi da shanu zuwa mashaya shekara goma da suka wuce, tana nan?" Ya yi shiru, sannan ya ce an kafa duwatsun fuloti a kai. To, Baba, aikin da ɗanka yake so ya koya ke nan: tun kafin a kafa dutse, a san inda gida zai zauna, inda kasuwa za ta zauna, da inda za a bar wa dabba hanya.

Mutane da yawa suna haɗa mai tsara gari da safiyo, alhali aikinsu daban ne. Safiyo shi ke auna fili ya kafa dutse. Mai zanen gini shi ke zana gidan. Injiniya shi ke gina titi da kwalbati. Mai tsara gari kuwa yana gabansu duka, don shi ke duba gari ko gunduma gaba ɗaya ya ce nan unguwa, nan makaranta, nan tasha, nan kara, nan kuma fadama ce kada a gina komai. A Gana dokar da ke tafiyar da wannan aiki ita ce doka mai lamba 925 ta shekarar 2016, wadda ta kafa hukumar LUSPA a madadin tsohon ofishin tsara gari da ya samo asali tun 1945, zamanin Turawa. Dokar ta kasa tsari hawa uku: babban tsari na ƙasa ko yanki ko gunduma, tsarin gari, sai tsarin unguwa wanda ke nuna kowane fuloti da kowace hanya.

Me ya sa abin ya shafe mu yanzu? A ƙidayar 2010 ne karo na farko da mazauna birane a Gana suka haura rabin jama'a, kuma a ƙidayar 2021 sun kai kashi 56.7 cikin ɗari. Mu nan ba sai an kawo mana lissafi ba. Choggu da muke zaune tana ƙarƙashin Sagnarigu, wadda aka yanke daga Tamale a 2012 saboda garin ya bunƙasa. Inda dattawa suka san gona da makiyaya, yau gidaje ne.

To ina ake karatun? Na farko akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wato KNUST, a Kumasi. Tana da digiri biyu a wannan fanni. A fom za ku gan su da sunan Human Settlement Planning, wanda ya fi karkata ga tsara fili da matsuguni, da Development Planning, wanda ya fi karkata ga tsara ci gaban gunduma, kamar noma, kasuwa, lafiya da kasafin kuɗi. A nan arewa kuma akwai jami'ar da ke Wa, wadda aka sani da SD Dombo. A da reshe ce ta UDS, jami'ar da aka kafa a 1992 mai hedikwata a Tamale, sai aka ba ta 'yancin kanta a 2019, kuma tana da tsangayar tsare-tsare da kula da filaye. A Gana karatun shekara huɗu ne. Wanda ke da dangi a Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna koyar da shi, amma can shekara biyar ne. Masu Faransanci kuma akwai makarantar EAMAU a Lome.

Yanzu sharaɗin shiga, a saurara da kyau. Ana son kiredit, wato daga A1 zuwa C6, a darussa shida na jarrabawar WASSCE. Uku na dole: Turanci, lissafi, da kimiyya, wasu wuraren kuma suna karɓar darasin zamantakewa a madadin kimiyyar. Sai uku na zaɓi, kuma waɗanda suka fi dacewa su ne irin su labarin ƙasa, tattalin arziki da lissafi na zaɓi. D7 ba kiredit ba ne, ko da an ce yaro ya ci. Kowane maki yana da lamba, A1 ɗaya ce, C6 shida, kuma ƙarancin jimla shi ne alheri. Misali yaro ya samu C4 a Turanci, B3 a lissafi, C5 a kimiyya, B2 a labarin ƙasa, B3 a tattalin arziki, C6 a lissafi na zaɓi. A haɗa 4 da 3 da 5 da 2 da 3 da 6, jimla 23 ke nan. Ƙa'idar ƙasa ita ce kada jimlar ta wuce 36, sai dai kowace jami'a tana da nata ma'auni, kuma inda masu nema suka yi yawa ana tsananta shi. Saboda haka a duba sanarwar jami'ar ta wannan shekara kafin a sayi fom. Wanda ya kai shekara 25 yana da ƙofar manyan ɗalibai, inda ake yin jarrabawar shiga ta daban. Ɗan Burkina ko Togo ko Nijar mai takardar bak zai nema a matsayin ɗalibin waje, kuma kuɗinsa ya fi na ɗan ƙasa.

Sai babbar tambayar Baba: bayan shekara huɗu, me yaron zai iya da bai iya ba a da?

Zai iya karanta taswira kuma ya zana ta, da hannu da kwamfuta, ya ɗora hoton tauraron ɗan Adam a kan zanen unguwa ya gane inda ruwa ke kwanciya. Wanda ya ga yadda Farin Volta ke cika idan an saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina wajen watan Agusta da Satumba ya san wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Zai iya lissafin jama'a. Unguwa mai mutum 10,000 da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari kowace shekara za ta ninka cikin shekara 23 zuwa 24. Daga wannan lissafi ne ake sanin azuzuwa nawa za a buƙata, famfo nawa, da faɗin filin da za a keɓe wa kasuwa tun bai yi tsada ba.

Zai san dokar fili. A nan Dagbon fili yana hannun sarakuna, su ke bayarwa, hukumar filaye ke yin rajista a ƙarƙashin dokar filaye ta 2020, majalisar gunduma kuma ke ba da izinin gini. Takardar da fada ta ba ka daban, izinin gini daban. Da yawa daga 'yan kasuwarmu da aka shafa wa shagonsu jan fenti, a nan suka yi tuntuɓe.

Zai iya zama da jama'a ya saurare su. A kowace shekara ɗalibai suna da aikin da ake kira situdiyo, inda ake ba su unguwa ko ƙauye na gaske su shiga gida-gida, su tattara bayani, su zana tsari, su kare shi a gaban malamai. A shekarar ƙarshe kowa yana rubuta kundin bincike. A nan ne ɗan makiyayi ya fi abokan karatunsa, don ya san burtali da mashaya da lokacin da shanu ke gangarowa kudu, kuma yana jin Fulatanci, Hausa da Dagbanci. Ƙungiyar ECOWAS ta amince tun 1998 makiyaya su tsallaka iyaka da takardar shaida ta hanyoyin da aka keɓe, Nijar ma ta yi dokar kiwo a 2010 da ta kare hanyoyin dabbobi. Amma hanyar da ba ta cikin zanen gunduma, ranar da aka zo yanka fuloti ba wanda zai tsaya mata. Rikicin Agogo ya ishe mu darasi.

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Digiri ba ya nufin aiki na jira. Bayan gamawa akwai bautar ƙasa ta shekara ɗaya, kuma ɗaukar aikin gwamnati yakan ɗauki lokaci. Wasu sukan shiga majalisun gundumomi, wasu LUSPA, wasu ƙungiyoyin agaji da suka cika Tamale, wasu kamfanoni masu zaman kansu, sannan su nemi rajista da ƙungiyar masu tsare-tsare ta Gana. Mai tsara gari kuma ba shi da iko shi kaɗai. Yana ba da shawara ne, kwamitin gunduma ke amincewa, sarki ke riƙe da fili.

Wanda ba shi da ɗa mai shirin jami'a ma yana da abin yi. Kafin ka biya kuɗin fili don shago ko garke, je sashen tsara gari na majalisar gundumarka ka nemi ganin zanen wurin. Idan an kira taron jin ra'ayi a kan sabon tsari, ardo da sarkin kasuwa su je, su sa a rubuta burtali da wurin sauke kaya.

Shi kuwa Baba, mun rabu a kan zai sa yaron ya lissafa jimlarsa tukuna kafin a kai bijimi kara. Mako mai zuwa za mu tattauna takardar shaidar tsallaka iyaka da dabbobi, ta Paga da Kulungugu. Allah Ya kai mu, Ya tsare dukiya da hanya.