3.4 Ƙudurin Dokar Likitoci na 2023 da Matsalar Haƙori a Tudun Kaya

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin bayyana ƙudurin gyara dokar likitoci da likitocin haƙori, tare da duba yadda ya shafi ɗalibai da kuma mazauna karkara irin mutanen Tudun Kaya ta ƙaramar hukumar Ƙaraye.

A watan Afrilu na shekarar 2023, Majalisar Wakilai ta Tarayya ta yi karatu na biyu ga wani ƙuduri da Ganiyu Abiodun Johnson, ɗan majalisa daga Jihar Legas, ya gabatar. Ƙudurin ya nemi a hana duk likitan da ya yi karatu a Nijeriya cikakken lasisi har sai ya yi aiki na shekara 5 a cikin ƙasa. Hujjar mai ƙudurin ita ce, gwamnati ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin horar da likitoci, amma da zarar sun kammala sai su tafi Ingila ko Amurka ko Saudiyya.

Domin fahimtar nauyin wannan sharaɗi, ya kamata a dubi matakan da ɗalibi yake bi. Mai karatun likitan haƙori, misali a Jami'ar Bayero ta Kano, yakan yi shekara 6, idan yajin aiki bai shiga tsakani ba. Daga nan Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya takan ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan ya sami cikakken lasisi ya tafi bautar ƙasa. Ke nan ƙudurin zai tsawaita zaman jiran wannan lasisi. Saboda haka ne ƙungiyoyin likitoci suka yi watsi da shi, suna cewa ya tauye 'yancin zirga-zirga, kuma rashin albashi mai kyau da kayan aiki da tsaro ne ke korar likita. Wa'adin majalisar ya ƙare a watan Yuni na 2023 ba tare da ƙudurin ya zama doka ba.

Ta fuskar mutumin Tudun Kaya kuwa, babban giɓin ƙudurin shi ne bai faɗi inda likitan zai zauna ba. Likitocin haƙori sun fi taruwa a birane, inda ake da kujerar aiki da wutar lantarki da na'urar hoton haƙori. Manomin da kogon haƙori ya hana barci a yankin Ƙaraye ko Rogo yakan fara da kanumfari ko ruwan gishiri, sannan ya sayi ƙwayar rage zogi a kemis. Sai kunci ya kumbura yake tunanin kuɗin mota zuwa Kano, a lokacin kuwa sau da yawa cirewa kaɗai ta rage. Haɗarin ya fi tsanani ga yara masu tamowa, domin gyambon dasashi yana iya rikiɗewa ya zama cutar nan mai cin naman fuska, wadda likitoci ke kira noma. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999.

A watan Agusta na 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta karkata ga kyautata musu, musamman masu aiki a karkara.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa tsare likita a cikin ƙasa daban ne, kai shi ga mai ciwo kuma daban. Dokar da za ta amfani Tudun Kaya ita ce wadda ta tanadi ɗakin duba haƙori a asibitin ƙaramar hukuma, da gidan zama da alawus ga likitan da aka tura can.