Hasken Da Ke Kashe Ido A Hanyar Birnin Kudu Zuwa Gwaram

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce haske na "kashe ido". Duk wanda ya taɓa tuƙi bayan isha'i daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ya san cewa wannan magana ba salon zance ba ce kawai. Babbar mota za ta tunkaro ka da fitila a ɗage, kai kuwa ba ka ganin komai sai fari fat. Alhali a gefen titin akwai amalanken shanu, da mai babur marar jar wuta, da motar da ta lalace aka jera mata ganye.

Bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ke nan idan haske ya rufe wa direba ido na daƙiƙa biyu kacal, ya yi tafiyar fiye da mita 50 a makance. A irin wannan tazara ce ake rasa rai, ko kuma a kwana a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Masu ƙera motoci sun daɗe da fahimtar matsalar. Tun a 1967 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da mota mai fitilar da ke bin sitiyari, ta haska kwana kafin a shige ta. A 2013 kamfanin Audi na Jamus ya kawo fitila mai ƙananan ƙwayaye masu yawa. Kyamara ce ke hango motar da ke tahowa, sai kwamfuta ta kashe ƙwayayen da suka nufi idon direbanta, sauran su ci gaba da haska hanya. Amurka ba ta halatta irin wannan fitila ba sai a 2022, don haka galibin tsofaffin motocin da ake shigo mana da su daga can ba su da ita.

Sai dai mai karatu ya lura da abu guda: duk wannan fasaha ba ta yin komai face abin da direba mai ladabi ke yi da yatsansa, wato sauke fitila idan ya hangi ɗan'uwansa. Mu kuwa mun ɗauki wata hanya daban. Ana sayen farin ƙwai mai tsananin haske a cusa shi cikin gidan fitilar da ba don shi aka ƙera ba, hasken ya warwatsu ko'ina. Ana labta wa mota kaya har bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, ƙaramar wuta ta koma babba. Wani ma da fitila ɗaya yake tafe, ka zaci babur ne sai kun yi gab.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da ta riƙa duba saitin fitila kamar yadda take duba takardu. Shugabannin tasha su ma su hana mota mai ido ɗaya lodi da dare. Direba kuma ya tuna cewa wanda ya kashe wa ido, kansa ya nufo. Fitila mai kwamfuta za ta iso wata rana, amma kafin nan rigakafi ya fi magani.