Kwamfuta ta daina magana: abin da ya kamata a duba kafin a ɗauke ta zuwa Maradi

A garuruwa irin su Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, da dama daga cikin kwamfutocin da ke ciyar da masu su da sauti suke aiki. Akwai mai shagon da ke tura waƙoƙi da wa'azi da finafinai a katin waya, akwai mai kiɗan biki da ke jona tasa da manyan lasifikoki, ga matashin da ke naɗar tafsiri a watan azumi, ga kuma ma'aikacin rediyon al'umma da ke haɗa sanarwar suna da ɗaurin aure da cigiya. Duk ranar da na'urar ta yi shiru, ranar babu ciniki. Abin da aka fi ji a bakin mai ita shi ne katin sauti ya ƙone, daga nan sai a shiga lissafin kuɗin mota zuwa Maradi, tafiyar kusan kilomita 80 daga Agiye a kan babbar hanyar RN1, ban da ladan mai gyara. Sau da yawa kuwa katin lafiyarsa lau. Laifin na waya ne, ko na ƙura, ko na wani saiti da aka taɓa ba a sani ba, ko kuma na wutar lantarkin da ke shiga shagon.

Mene ne katin sauti?

A cikin kwamfuta, waƙa ko karatu jerin lambobi ne kawai. Faifan CD, alal misali, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa ya adana shi a lambobi. Aikin katin sauti, wanda masu gyara ke kira carte son da Faransanci, shi ne ya mayar da waɗannan lambobi ƴar wutar da za ta girgiza lasifika har kunne ya ji. Idan kuma ana naɗar murya, sai ya yi akasin haka: ya karɓi wutar da mikro ya aiko ya mayar da ita lambobi.

Sunan kati ya samo asali ne daga lokacin da abin allo ne na daban da ake saya a cusa cikin cikin kwamfuta, irin Sound Blaster da kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fitar a 1989. Daga baya kamfanin Intel ya fito da tsarin AC'97 a 1997, sannan High Definition Audio a 2004, sai aikin ya koma kan wani ɗan ƙwayar lantarki da bai kai farcen ɗan yatsa ba, wanda aka liƙe a jikin babban allon kwamfutar. Galibi na kamfanin Realtek ne na Taiwan. Wannan na da muhimmanci ga mai kwamfutar hannu: babu wani kati a cikinta da za a zare a sa sabo. Abin da ake iya sauyawa shi ne ramin da ake jona abin saurare, wanda a wasu samfura yana kan ƙaramin allo nasa, ko kuma ƙananan lasifikokin ciki. Duk wanda aka ce za a sauya masa kati, yana da kyau ya nemi a nuna masa abin da aka ciro.

Waya, rami da ƙura

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A zare abin saurare ko lasifikar daga kwamfuta a jona a wayar salula. Idan a can ma shiru ne, to kwamfutar ba ta da laifi. Wayar sauti ta fi karyewa daga ciki a daidai wuyan fish ɗin, inda ake yawan lanƙwasa ta, kuma daga waje ba a ganin komai.

A kwamfutar tebur ramuka uku ne a baya, kowanne da launinsa: kore na lasifika, ruwan hoda na mikro, shuɗi na sautin da ke shigowa daga wata na'ura kamar rediyo ko miksa. A shago mai duhu, bayan an janye tebur an yi shara, abu ne mai sauƙi a mayar da wayar lasifika a shuɗi. Sababbin kwamfutocin hannu kuwa rami guda gare su, wanda ya haɗa kunne da mikro irin na salula. Fish ɗin da ya dace da shi yana da zobe uku a jikinsa, na lasifika zalla kuma zobe biyu. Wanda ya cusa mikro mai zobe biyu a irin wannan rami ba zai naɗi komai ba, domin na'urar ta ɗauka abin saurare aka sa mata. Maganinsa ƴar waya ce mai baki biyu da ke raba ramin gida biyu, ɗaya na kunne ɗaya na mikro.

Sai ƙura. Daga hunturu zuwa bazara babu abin da take bari a jihar Maradi, kuma ramin sauti na da wani ɗan harshen ƙarfe a ciki da ke gaya wa kwamfuta cewa an jona wani abu. Idan ƙura ta danne shi, sai kwamfutar ta zaci har yanzu abin saurare na jone, ta rufe bakin lasifikokinta na ciki. Alamar ita ce ana jin sauti da abin saurare, amma da an zare shi sai tsit. A kashe na'urar, a hura ramin, a sa fish a zare sau da yawa a hankali. Allura da tsinken ƙarfe ba su da wurin zuwa a nan.

Abin da Windows ke ɓoyewa

Kwamfutocin da ake amfani da su a Nijar galibi Windows ɗinsu na Faransanci ne, don haka da sunayen da ke kan allo za a bi. A ƙasa ta dama, kusa da agogo, akwai hoton lasifika. Danna shi na nuna inda sautin ke fita. Wanda ya jona kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI don nuna ƙwallo ko fim, sau da yawa Windows na tura sautin can, wani lokaci kuma ya ci gaba da neman talabijin ɗin ko wata lasifikar Bluetooth da ke kusa. Zaɓen Haut-parleurs kaɗai ya isa ya dawo da magana. Haka kuma Mélangeur de volume na ba kowace manhaja ƙarfinta daban, shi ya sa ake samun VLC na magana amma shafin intanet ya yi gum.

Ga masu naɗar murya akwai wani tarko. Tun 2018 Windows 10 ke iya hana manhajoji taɓa mikro gaba ɗaya. Ana buɗe shi ne a Paramètres, sai Confidentialité, sai Microphone.

Inda aka fi yin asara shi ne batun pilote, wato ƴar manhajar da ke koya wa Windows yadda zai yi magana da katin. Yawanci bayan an yi wa kwamfuta format ne ake ganin jan kuros a kan hoton lasifika, da rubutun Aucun périphérique de sortie audio n'est installé. Wannan rubutu ba shaidar mutuwar kati ba ce. A buɗe Gestionnaire de périphériques a duba layin Contrôleurs audio, vidéo et jeu. Alamar rawaya mai kusurwa uku na nufin katin na nan da ransa, pilote ne babu ko ya lalace. A cire shi a sake kunna kwamfutar, sau da yawa Windows zai sa nasa na gama-gari da kansa. Idan bai yi ba, a nemo na ainihi a shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Wanda ke son sanin kamfanin ƙwayar sai ya shiga Détails ya duba lambobin shaidar kayan: VEN_10EC na nufin Realtek.

Abin takaici shi ne yadda format ya zama maganin kowace cuta a hannun wasu masu gyara. Mai shagon tura waƙoƙi jarinsa na cikin faifan kwamfutar, tarin shekaru na waƙoƙi da karatuttukan malamai da ba lallai ya sake samunsu ba. Goge wannan duka saboda sauti ya ɗauke ganganci ne, kuma bayan an gama gogewar ma sai an koma neman pilote ɗin da tun farko shi ne matsalar. Su ma manhajojin da ke alkawarin samo dukkan pilote a danna guda, da yawansu talla da ƙwayoyin cuta suke shigowa da su. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffin kwamfutoci, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, kuma wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025.

Gurnanin da ke fitowa daga kuran

Wata matsalar ba shiru ba ce, ƙara ce: wani gurnani mai kauri da ke bin bayan waƙa da zarar an jona kwamfuta da ampili. Wutar NIGELEC, mai ƙarfin volt 220, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce kunne ke ji idan ta sami hanyar kutsawa cikin wayar sauti. Tana samun hanyar ne idan kwamfuta da ampili suna shan wuta daga wurare daban-daban, ko gidan ba shi da wayar ƙasa, ko cajar jabu ce.

Yankin ya san wahalar wuta. Lantarkin da Maradi da Damagaram ke samu daga Najeriya yana biyowa ne ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu sana'a da dama sun koma kan gurup da hasken rana. Ƙananan gurup da na'urorin juya wutar batir masu araha ba sa ba da wuta mai santsi, sai gurnanin ya ƙaru da wani zizar kamar ta ƙudan zuma.

Gane shi ba wuya. A bar waƙa na tafiya a zare cajar, kwamfutar ta koma kan batirinta. Idan ƙarar ta ɗauke, an kama ɓarawon, kuma katin ba shi da laifi. Daga nan sai a jona kwamfuta da miksa da ampili duka a kan abin rarraba wuta guda, a rage tsawon wayar sauti, a raba ta da wayoyin wuta maimakon a ɗaure su dami guda. Idan ƙarar ta nace, akwai ƴar na'ura mai taransifoma a ciki da ake sawa tsakanin kwamfuta da ampili don ta yanke hanyar gurnanin. Wasu kan karya ƙafar ƙasa ta fish ɗin wuta, ƙarar ta ragu, su yi murna. Sun cire abin da ke kare mutum daga jan wuta ke nan a wurin da yara ke taɓa kaya. Ita kuwa ƙarar tit-tit da ke zuwa gab da shigowar kira, daga salular da aka ajiye kusa da waya take, a matsar da ita kawai.

Abin da ke ƙona katin da gaske

Ramin mikro an yi shi ne don wuta ƴar mitsitsiya, wadda ake aunawa da kashi dubu na volt. Abin da ke fita daga miksa ya kai kusan volt guda, abin da ampili ke tura wa manyan lasifikoki kuma gomman volt ne. Mai naɗar wa'azi ko taron biki da ya ɗauko waya daga bayan ampili, inda lasifikoki ke jone, ya cusa a kwamfuta, cikin ƙiftawar ido zai iya ƙona ƙwayar. Wurin ɗaukar sauti shi ne mafitar miksa da aka tanada don naɗi, a kai shi ramin shuɗi. Ko da daga miksar ne, idan aka sa a ramin mikro muryar za ta fito a farfashe.

Muryar da ta farfashe a lokacin naɗi ba ta gyaruwa daga baya. A manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, akwai ma'aunin da ke rawa yayin da ake magana. A saita shi ya riƙa tsayawa wajen -6 idan mai magana ya ɗaga murya, kada ya riƙa dukan 0. Malamin da ya fara tafsiri a sanyaye zai iya ɗaga murya idan karatu ya yi nisa, saboda haka a bar masa sarari tun farko. Ampili kuma shi ake kunnawa a ƙarshe, shi ake fara kashewa, kuma ba a jona waya ko zare ta yana kunne da ƙarfi. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, zare komai daga bango ya fi kowace na'urar kariya.

Idan an bi duk wannan, Gestionnaire de périphériques bai nuna katin ba ko ya nuna shi lafiya amma babu sauti ta kowace kafa, to mai yiwuwa ya mutu ɗin. Ko a nan ba a jefar da kwamfuta. Akwai katin sauti na USB, girmansa kamar kile, mai ramin kore da na ruwan hoda. Ana cusa shi Windows ya gane shi ba tare da an nemo pilote ba, sai dai a zaɓe shi a matsayin mafitar sauti. Ya wadatar wa mai shago da mai kallon fim. Masu arahar suna da ƴar shuwa a ɓangaren mikro, kuma ba sa karɓar sautin miksa yadda ya kamata, don haka gidan rediyo ko mai naɗar waƙa gara ya nemi babba mai ramin XLR, wanda ke ba da wutar volt 48 da mikron situdiyo ke buƙata. Mai saye ya tafi kasuwa da kwamfutarsa da abin saurarensa, ya jona a gaban mai kaya, ya naɗi muryarsa ta minti ɗaya ya saurara kafin ya miƙa kuɗi.