Situdiyon ɗaki: kafin ka turo kuɗin makirfo daga waje, duba ɗakin da wutar

A unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ɗaki ɗaya da kwamfuta sun isa matashi ya kafa allon situdiyo a ƙofar gida. Masu rap, mawaƙan soyayya, masu yabon Annabi da masu tallar rediyo duk a irin waɗannan ɗakuna suke ɗaukar muryarsu. Sau da yawa jarin daga waje yake zuwa, daga wani yaya da ke aiki a Abijan, Faransa, Beljiyam ko Amurka, wanda ƙanensa ya turo wa hoton makirfo ta WhatsApp ya ce wannan ne manyan mawaƙa ke riƙewa.

A nan kuɗi ke salwanta. Makirfon da ya yi daɗi a situdiyon Paris yana iya zuwa Maraɗi ya kwaso ƙarar kabu-kabu, kukan fanka da amsa-kuwwar bango, ya haɗa su da muryar mawaƙi. Wani kuma yana isowa lafiya, amma sai a tarar na'urar da za ta ɗaga sautinsa ba ta da ƙarfin ɗaukarsa. Abubuwa 3 ne ya kamata su yanke hukunci kafin a biya ko dala: ɗakin, muryar, da na'urar da masu sana'ar ke kira firiyam.

Makirfo iri 2

Kusan duk makirfon da ake ɗaukar murya da shi, ko dai dinamik ne ko kondensa.

Dinamik yana aiki da maganaɗisu da ƴar naɗaɗɗiyar waya. Iskar murya na kaɗa wata fata siririya, fatar ta motsa wayar, sai a samu ƴar wutar da ke ɗauke da sauti. Ba ya buƙatar wuta daga waje, yana jure faɗuwa, zafi da ihu. Wanda aka fi sani shi ne Shure SM58, da kamfanin Shure na Amurka ya fitar a 1966, wanda har yau ake gani a hannun mawaƙa a dandali. Ɗan'uwansa na situdiyo, SM7, ya fito a 1973, kuma da shi injiniya Bruce Swedien ya ɗauki yawancin muryar Michael Jackson a faifan Thriller na 1982. Samfurinsa na yanzu shi ne SM7B.

Kondensa kuwa fatarsa ta fi siranta da sauƙi, don haka ya fi kama ƙananan sautuka: numfashi, rawar murya, ƙarshen kalma. Sai an ba shi wuta mai bolt 48 ta cikin wayarsa kafin ya yi aiki, wadda ake kunnawa da maɓallin da aka rubuta wa 48V. Kamfanin Neumann na Jamus ne ya fito da wannan tsari a 1966, kuma shi ke ƙera U87, wanda ya fito a 1967 ya zama na manyan situdiyoyi. Masu sauƙin kuɗi a wannan layi sun haɗa da Audio-Technica AT2020 na Japan da Rode NT1 na Ostiraliya.

Bambancin ƙarfinsu ba ƙarami ba ne. In aka yi sauti iri ɗaya gaban AT2020 da SM7B, wutar da ke fita daga na farko ta ninka ta na biyu fiye da sau 10. Wannan lissafi zai dawo idan an zo maganar firiyam.

Ɗaki ne ke fara zaɓe

Yawancin ɗakunan haya a biranenmu bulo ne na siminti, ƙasa da karo, sama da kwano. Duk wurare ne masu tauri da ke mayar da sauti. Gwajin bai da wuya: ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji sautin ya yi ƙara kamar cikin tukunya kafin ya mutu, haka muryar mawaƙi za ta fito, kuma babu manhajar da za ta wanke wannan gaba ɗaya ba tare da ta taɓa muryar ba.

Dalilin da ya sa dinamik ya fi dacewa da irin wannan ɗaki shi ne tazara. Ana rera masa waƙa baki kusa, santimita 3 zuwa 5, yayin da kondensa ke son santimita 15 zuwa 20. Duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa makirfo na raguwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar titi da amsa-kuwwar bango suna nan yadda suke. Wanda ya matso kusa, muryarsa ta danne ɗakin. Wanda ya ja baya, ɗakin ya shigo cikin waƙar.

Gyaran ɗaki bai kai kuɗin makirfo ba. Katifa mai kauri, barguna masu nauyi da darduma a ƙasa suna shanye sauti sosai. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango ya yi siranta, abin da yake tarewa kaɗan ne, kuma abinci ne ga gobara. Siririn soso ma sama-saman sauti kawai yake sha, ya bar ɗakin da gurnani.

Inda ake rataye bargon yana da muhimmanci. Yawancin makirfon murya gaba suke ji, ba su cika jin abin da ke bayansu ba. Saboda haka a juya bayan makirfon ga taga ko ƙofar da hayaniya ke shigowa, a rataye katifa ko bargo a bayan mawaƙin, domin can ne makirfon ke kallo. A kuma guji tsayawa a kusurwa ko daidai tsakiyar ɗaki.

Firiyam da lissafinsa

Wutar da ke fita daga makirfo ƴar mitsitsiya ce, kashi kaɗan cikin 1,000 na bolt ɗaya. Kafin kwamfuta ta iya aiki da ita sai an ɗaga ta zuwa kusan bolt 1. Aikin firiyam ke nan. Ana auna ɗagawar da desibel: desibel 40 ninki 100 ne, desibel 60 kuma ninki 1,000.

A manyan situdiyoyi firiyam akwati ne mai zaman kansa, kamar Neve 1073 da Rupert Neve ya ƙera a Ingila a 1970, mai iya ɗagawa har desibel 80. A situdiyon ɗaki kuwa yana cikin ƴar na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta, wadda a nan ake kira kat son. Duk wanda ya sayi kat son ya riga ya sayi firiyam, ko ya sani ko bai sani ba.

Kondensa na wadatuwa da desibel 30 zuwa 45, abin da kusan kowane kat son ke bayarwa cikin sauƙi. SM7B kuwa kamfanin da ya ƙera shi yana ba da shawarar firiyam mai desibel 60. Idan kat son bai kai ba, sai a murɗa maɓalli har ƙarshe, a nan ne ake jin wani huci a bayan murya kamar na rediyon da bai kama tasha ba. Ko cikin gida ɗaya akwai bambanci: Focusrite Scarlett 2i2 na ƙarni na 3 yana da desibel 56, na ƙarni na 4 da ya fito a 2023 kuma 69. Wanda ya riga ya mallaki kat son maras ƙarfi yana iya ƙara ƴar na'ura irin Cloudlifter ko FetHead tsakaninsa da makirfo, wadda ke ƙara kusan desibel 25, tana cin wutar 48V. Amma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun farko.

Murɗa maɓallin ma yana da ƙa'ida. A sa kwamfuta ta ɗauka a bit 24, a ce wa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, a saita yadda ma'auni ba zai wuce tsakanin -12 da -6 ba. In ya taɓa 0 ya yi ja, sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya ɗinkuwa. Muryar da aka ɗauka ƙasa-ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar Nijar bolt 220 ce, ta Amurka kuma 120. Duk na'urar da ke shiga soket kuma aka sayo ta a New York, a duba bayanta: in ba a rubuta cewa tana karɓar 100 zuwa 240 ba, toshi ɗaya ya isa ya ƙone ta. Kayan Turai ba su da wannan matsala.

Ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a nan, kuma kowa ya tuna watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Wannan ya sa kat son mai cin wuta ta USB daga kwamfutar tafi-da-gidanka ya fi dacewa: wuta na ɗaukewa, aiki na ci gaba da batir. Yana da wani amfani kuma. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, abin da ke jawo gurnani a cikin sauti, musamman in an tada gurup. Sau da yawa cire cajar kwamfuta lokacin ɗaukar murya na kashe gurnanin. Sauran kaya, kamar lasifikar sauraro, su bi ta na'urar daidaita wuta.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba mai iya rufe kansa cikin barguna na awa guda. Dabara ita ce a sanyaya ɗakin, a kashe fanka a ɗauki baiti ɗaya, a sake kunnawa. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Fatar kondensa tana ɗauke da caji, tana jan ƙura, kuma in ƙurar ta haɗu da danshin numfashi ko na damina sai makirfon ya fara ƙaƙas-ƙaƙas. A rufe shi da leda ko a mayar da shi akwatinsa bayan kowane aiki. Dinamik bai cika damuwa da wannan ba.

Farashi da jabu

A shagunan Turai SM58 da AT2020 kowanne na kusan yuro 100, wato wajen jaka 65 na sefa. SM7B na kusan yuro 400, fiye da jaka 260. U87 kuwa ya doshi yuro 3,000, kusan miliyan 2. Kuɗin dako da na duwan suna ƙaruwa a kai.

Wanda aka kawo wa sabon SM58 a jaka 15 ya san ba shi ba ne. Yana cikin makirfon da aka fi yi wa jabu a duniya, kwali da tambari duk iri ɗaya. Na jabu kan fi na gaskiya sauƙi a hannu, ya fi kwasar ƙarar taɓawa. Ga ƴan'uwa da ke waje, hanya mafi aminci ita ce saye daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, a ajiye rasit. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, domin akwai jabun da ake sayarwa a farashin na gaskiya.

Akwai ƙananan kaya da ake mantawa, alhali in babu su aiki ya tsaya: wayar XLR mai ƙafa 3, sandar makirfo, ƴar rariyar da ake sawa gaban baki don tare iska, da kas mai rufe kunne gaba ɗaya domin kiɗa kada ya zubo cikin makirfo. Makirfon USB ya haɗa komai wuri ɗaya kuma ya isa mai karanta talla, sai dai ba a iya canza masa firiyam in sana'a ta girma.

Murya da harshe

Ba makirfon da ya dace da kowa. Kondensa masu araha da yawa suna kaifafa sama-saman sauti, kuma Hausa cike take da s, sh, ts da ƙ. Muryar da dama take da kaifi tana iya zama mai sukar kunne a kansu. Mai kaurin murya ko mai rera waƙa a hankali kuwa yana iya amfana da wannan hasken. Mai rap da ke ihu, da mai yabo da ke buɗe murya gaba ɗaya, sun fi samun kwanciyar hankali da dinamik. A tuna kuma cewa matsowa kusa sosai na ƙara wa murya kauri, abin da ke taimakon siririyar murya amma ya toshe mai kauri.

A wannan sana'a ji ne ke korar gani. Kafin a saya, mawaƙi ya biya kuɗin awa ɗaya a situdiyon da ke da makirfon da yake so, ya rera baiti ɗaya a kan iri 2, ya daidaita ƙarfinsu, sannan ya saurara a wayar salula da cikin mota, inda jama'a za su ji waƙar.

Yadda za a raba kuɗin

Tarihin kiɗa bai nuna cewa sai da kayan miliyoyi ake fita ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya ta katin ajiya kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya kai su kunnen duniya. A can Amurka, Billie Eilish da yayanta Finneas sun ɗauki waƙar Ocean Eyes da AT2020 a ɗakin kwana, kuma faifan da suka yi a gida ya ci kyautar Grammy a 2020, har da ta ingancin ɗaukar sauti.

Ga mai shirin buɗe situdiyo, ko mai shirin turo kuɗi, tsarin shi ne a fara da ɗaki, sannan kat son mai 48V da isasshen ƙarfin ɗagawa, sannan makirfo. In ɗakin na bakin titi ne kuma ba a gyara shi ba, dinamik na gaskiya ya fi. In ɗakin shiru ne kuma an lulluɓe shi, kondensa mai matsakaicin kuɗi zai biya buƙata. Kuɗin SM7B ɗaya sun isa a sayi SM58 ko AT2020, a haɗa da ƙaramin kat son, kas da waya, a kuma samu na katifa da barguna. Sauran kayan sai su zo daga abin da situdiyon ya fara samarwa da kansa.