Shin Ko Kun San? Ranaku Biyu Na Tsarkaka Da Mamata

Shin ko kun san cewa a wurin mabiya ɗarikar Katolika, 1 da 2 ga Nuwamba ranaku ne biyu masu bin juna amma kowace da manufarta? Ta farko ita ce Ranar Dukan Tsarkaka, ta biyu kuma ranar yi wa dukan mamata masu bi addu'a. A ta farko Fada yakan sa fararen kaya don murna, washegari kuma ya sa baƙi ko shunayya.

Sanannun tsarkaka irin su Bitrus da Bulus kowa yana da ranarsa a kalandar coci. Ranar 1 ga Nuwamba kuwa ta haɗa har da waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba: manomin da ya mutu da gaskiyarsa, da uwar da ta yi renon marayu ba wanda ya ji labarinta. A ganina nan ne darajar ranar take, don ta ba talakan da duniya ta manta matsayi ɗaya da manyan shahidai.

Ko kun san asalin bikin a watan Mayu yake? Ranar 13 ga Mayu, wajen shekarar 609, Fafaroma Boniface na IV ya mai da Fantiyon, tsohon ɗakin allolin Rumawa, coci don tunawa da Maryamu da shahidai. Fafaroma Gregory na III, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, shi ya keɓe ɗakin sujada a cocin Bitrus da sunan dukan tsarkaka, kuma da wannan ake danganta kafuwar bikin a 1 ga Nuwamba. Halowin da yaran Amurka ke yi daren 31 ga Oktoba jajiberen wannan rana ce.

Rana ta biyu ta fito ne daga Faransa. Odilo, shugaban gidan ruhubanawa na Cluny daga 994 zuwa 1049, ya umarci duk gidajen da ke ƙarƙashinsa su riƙa yi wa mamata addu'a da sadaka a 2 ga Nuwamba. Aƙidar ita ce: wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran tabon zunubi, sai an tsarkake shi kafin ya shiga aljanna, kuma addu'ar masu rai tana amfanarsa. Hujjar Katolika tana cikin littafin Makabiyawa na 2, sura 12, inda wani jagoran yaƙi mai suna Yahuza ya tara kuɗi aka yi hadaya don sojojinsa da suka faɗi a yaƙi. Furotesta ba su ƙirga littafin cikin nassinsu, shi ya sa yawancinsu ba su yarda da wannan koyarwa ba.

A waɗannan ranaku biyu, a Foland makabartu kan cika da kyandir har dare. A Filifin iyalai kan wuni a bakin kabarin iyaye, su share shi, su ci abinci tare.

Shin ko kun san cewa a 2 ga Nuwamba an yarje wa kowane Fada ya yi Misa uku? Fafaroma Benedict na XV ya ba da izinin a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da samari ke mutuwa dubu-dubu a fagen fama, da yawansu ba a ma samu gawarsu an binne ba.