Ɗan Jatan Lande a Tankin Gilashi: Dubi Hannunsa, Kada Launi Ya Ruɗe Ka

Tankin gilashi na kifin ado ba baƙon abu ba ne yanzu a falukan Abuja, daga Maitama har Gwarimpa da Kubwa. Wasu masu wannan sha'awa sukan haɗa da ƙananan jatan lande, domin suna kalace gansakuka da ragowar abincin kifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, a ƙuruciya kusan duk kamarsu ɗaya: ɗan siririn abu garai-garai, har ana hango cikinsa. Sai mutum ya sayi "mai share tanki", bayan wata huɗu ya tarar mafarauci ya rena, ƙananan kifayensa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya cikin dare. Kama da wane dai ba ta wane.

Abu na farko da ke jan ido launi ne, shi ne kuma ya fi yaudara. Wanda ya fi yawa a tankunan duniya shi ne Neocaridina davidi, ɗan asalin Taiwan da Sin, wanda 'yan kasuwa ke kira ceri. Ja da rawaya da shuɗi da baƙi da ake sayarwa da sunaye daban-daban duk jinsi guda ne, masu kiwo ne suka yi ta tacewa. Ɗansa kan fito daga ƙwai bai wuce milimita 2 ba, launinsa dishi-dishi, sai bayan makonni ya nuna. Ko babba ne, in ya sha wahalar tafiya a leda ko ya tsorata, kodewa yake yi. Yashi mai duhu kan ƙara masa launi, fari kuma ya rage. Namiji ma bai kai mace launi ba.

To ina za a duba? A kamo shi a hankali, a saka a ƙaramin kofin gilashi da ruwan tankin, a ɗora kan farar takarda, a haska tocila daga gefe, a ɗauki hoto da waya ta gefe da ta sama, sannan a faɗaɗa.

A fara da hannuwa, wato ƙafafun gaba. Dangin Atyidae, inda ceri yake, hannuwansu gajeru ne, bakin kowanne da tuntun gashi. Za ka gan shi yana ta tsince-tsince a kan ganye ko dutse, hannu zuwa baki, babu hutu. Wannan ba ruwansa da kifi. Dangin Macrobrachium kuwa, hannuwa na biyu dogaye ne masu almakashi, kuma tun yana ƙarami ake ganinsu sun zarce kai. Yana tafe yana miƙa su gaba, ya cafki abinci ya ja da baya. Duk saɓar da ya yi, almakashin ƙara tsawo da kauri yake.

Sai goshi. Tsakanin idanu akwai tsini mai haƙora. A Macrobrachium dogo ne, haƙoransa fitattu sama da ƙasa. A ceri siriri ne, haƙoran ba sa ganuwa sai an faɗaɗa hoto sosai.

Sai gefen jiki. Amano, wato Caridina multidentata, wanda ya ci sunan Takashi Amano, Bajapanen da ya yaɗa amfani da shi a tankunan tsirrai, yana da ɗigo-ɗigo a jere daga kai zuwa wutsiya. Na namiji ɗigo ne zalla, na mace sukan ja su zama gajerun layuka. Yakan kai santimita 5, ceri kuwa da ƙyar yake wuce 3.

Akwai kuma shaidar da ba ta bukatar madubi: ta yaya yaran suka zo? Macen ceri kan riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta har kimanin mako uku, su fito da cikakkiyar siffar iyayensu suna rarrafe. Amano kuwa ɗaruruwan ƙananan ƙwai take yi, su ƙyanƙyashe 'yan tsutsotsi masu yawo a ruwa, waɗanda ba sa rayuwa sai sun samu ruwan gishiri. Saboda haka in ka wayi gari ka ga yara suna rarrafe a tankin da ka cika da ruwan famfo ko na burtsatse, ba Amano ba ne, ko da mai shago ya rantse. A kula kuma, ba duk mai motsi ne jatan lande ba. Sabbin tsirrai kan zo da 'ya'yan mazari masu ƙafa shida da manyan idanu, su kuwa cin ƙananan jatan lande suke yi. A cire su nan take.

Kogunanmu ma suna da nasu, kuma mai tanki zai iya cin karo da su a hannun masunta. A Binuwai wajen Makurdi da Neja wajen Jebba ana kama Atya gabonensis, ƙaƙƙarfa mai kauri da kan kai santimita 15. Kamarsa abin tsoro, halinsa na salihai: wurin da ruwa ke gudu yake tsayawa, ya buɗe gashin hannuwansa kamar maficin kaba yana tace abinci. Turawa na sayensa da tsada don ado. Sai Macrobrachium vollenhovenii, babban jatan landen kogunan Afirka ta Yamma, wanda shi ne ke ɓarna a tanki, amma a kogi alheri ne, don yana cin katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Da aka kammala madatsar Diama a bakin kogin Senegal a 1986, an toshe masa hanyar zuwa ruwan gishiri inda 'ya'yansa ke girma. Ya yi ƙaranci, katantanwa ta yawaita, tsargiya ta barke a yankin. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna mayar da shi wata mashaya a ƙauyen Lampsar ya rage katantanwa da yawan kamuwa da cutar.

Ido da waya suna da iyaka. Za su raba maka dangi da dangi, amma tantance Caridina da Neocaridina ba tare da shakka ba sai an duba gaɓar namiji a madubin ɗakin bincike, aikin masana irin na Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa. Ga mai tanki a gida, sanin dangi ya wadatar. Wanda ba ka gane ba, ware shi a ƙaramin tanki wata biyu zuwa uku har siffarsa ta bayyana. A lokacin, a kawar da sinadarin kulorin daga ruwan famfo kafin a zuba, a rufe tanki ruf in za a fesa maganin sauro, domin kaɗan daga cikinsa kan hallaka su.

In ya girma ya zama ba wanda kake so ba, mayar wa mai shago ko ka ba wani mai tanki. Kada ka juye shi a tafkin Jabi ko rafin unguwa. Ruwan kogin Usuma na Abuja kogin Gurara yake faɗawa, Gurara kuma Neja, kuma ceri ya riga ya kafa zuri'a a wasu rafukan Jamus da Hawaii, nesa da ƙasarsa. Baƙon jinsi in ya shiga kogi, fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma masunta ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa.